MAGANAR INJIN RUWA DA MASU GYARANSA A ƘASAR GARO

Maganarmu ta yau maganar ruwa ce, da injin da ke ɗago shi daga ƙasa, da hannun da ke kula da injin.

Wanda duk ya fita birnin Kano ya yi yamma, ya shiga ƙasar Kabo da ta Gwarzo, ya zaga Garo da ƙauyukan da ke kewaye da ita, lalle zai ga abu biyu. Zai ga tankuna bisa ƙarafa a ƙofar masallatai da makarantu da asibitoci, wannan da ruwa, wancan a bushe. Zai ga famfon tuƙa-tuƙa da yara ke layi a kai, can gaba kuma ga wani da ya zama turken ɗaure awaki. In ya tambayi dalili, amsa guda za a ba shi, watau inji ya lalace. In ya ƙara tambaya, wa ya duba shi, sai a ce ana jiran mai gyara daga birni. To, wannan jira shi ne abin da muke so mu bincika, gama a cikinsa dukiya ke salwanta, amfanin gona ke ƙonewa, mata da yara kuma ke komawa ga kududdufi.

ASALIN AL'AMARIN

Kakanninmu da guga da igiya suka sha ruwa, da jigo suka yi lambu. Kowane yaro ya san gyaran jigo, domin itace ne da igiya da ƙwarya da dunƙulen laka. Inji ya fara shigowa ƙasar Kano sosai a farkon shekarun 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, sa'ad da aka kafa gidan ruwa a bakin kogin Challawa aka jawo famfo zuwa birni. Daga baya, zamanin Gwamna Audu Bako, wanda ya riƙe Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, aka ɗauki aikin datse koguna haiƙan. Aka gama madatsar Tiga a 1974. Nan yamma kuwa, bisa wannan tafarki, aka sami Guzuguzu da Magaga da Pada, da Watari ta Bagwai, sa'an nan babbar madatsar Challawa ta Karaye wadda aka gama a 1992.

A farkon shekarun 1980 aka kafa hukumar KNARDA da taimakon Bankin Duniya. Ita ce ta yaɗa ƙananan rijiyoyin bututu a fadamu, tare da ɗan injin fetur wanda mutum biyu ke iya ɗauka. Shirin Fadama na tarayya ya bi baya a farkon shekarun 1990 ya ƙara yawansu. Cikin 'yan shekaru sai jigo ya ɓace, ƙarar inji ta cika fadama. Albasa da tumatir da barkono da alkama suka yalwata, aka sami arziki, babu mai musun wannan. Sai dai kash, an shigo da ƙarfe da yawa, ba a shigo da saninsa daidai da yawansa ba.

ABIN DA YA SAUYA YANZU

Ranar 29 ga watan Mayu na 2023 Shugaban Ƙasa Bola Tinubu ya ce tallafin fetur ya ƙare. Litar da ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati sai ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, a ƙarshen 2024 kuma ta haura naira 1,000. Tun daga nan lissafin mai lambu ya sauya. Dā injin da ke zubar da mai ana yi masa uzuri, amma bayan wannan kowace lita da ta tafi a banza daga bakin iyali aka cire ta. Saboda haka masu hali suka juya ga injin hasken rana, wanda ake ce wa sola, da injin da ake zurawa cikin burtsatse, wanda ake ce wa sumo. Waɗannan kuwa kaya ne masu tsada, kuma ba su yafe jahilci yadda tsohon injin fetur ke yi.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan ciwo na ƙasarmu ne kaɗai. Bankin Duniya ya buga bincike a 2017 a kan ruwan sha a Nijeriya, ya nuna kusan kashi 30 cikin ɗari na famfunan da ake kafawa suna tsayawa tun cikin shekararsu ta farko. A watan Nuwamba na 2018 Shugaba Muhammadu Buhari ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan sha'anin ruwa da tsafta. Abin da ya mutu a shekarar farko kuwa, kowa ya san ba tsufa ya kashe shi ba. Ko dai an kafa shi ba daidai ba, ko an yi aiki da shi ba daidai ba.

HUKUNCE-HUKUNCEN INJI

Kamar yadda kowane babi na fiƙihu ke da sharuɗɗa, haka injin ruwa ke da nasa. Ga guda biyar da ya kamata mai saye da mai sayarwa su sani.

Na farko, injin da ke zaune a bakin rijiya yana zuƙo ruwa yana da iyaka. Nauyin iskar duniya shi ke tura ruwan cikin bututu, kuma ba ya iya tura shi fiye da mita 10 ko da injin ya kai kowane girma. A aikace ma mita 7 ne ko ƙasa da haka. Saboda haka in bazara ta yi, ruwan fadama ya ja ƙasa, sai ka ji injin yana ƙara kamar an zuba masa tsakuwa. Wannan ƙara alama ce ruwan na tafasa a bakin farfela saboda tsananin zuƙa, yana cin ƙarfen a hankali. Wanda bai sani ba sai ya ce inji ya yi ƙanƙanta, ya sayar da akuya ya sayo babba, alhali maganin shi ne a haƙa rami a saukar da injin kusa da ruwa, ko a koma ga sumo.

Na biyu, faɗin mesa. Ruwa yana gogayya da jikin bututu, gogayyar kuwa mai take ci. In aka bar mesa mai inci 2 aka ɗauki mai inci 3, ana tura ruwa daidai wa daida, gogayyar tana raguwa kusan ninki bakwai. Mutum ya tsimi kuɗin mesa rana guda, sa'an nan ya biya su wajen mai fetur kowace rana har rani ya fita.

Na uku, gudun inji. Yawan ruwan da inji ke bayarwa yana bin gudunsa, amma ƙarfin da yake sha yana hawa fiye da haka nesa. Masana sun lissafa, in aka rage gudun farfela da kashi ɗaya cikin biyar, ƙarfin da take bukata yana sauka kusan rabi, muddin gudun da ya rage ya isa ya kai ruwan inda ake so. Yaron da ke murɗa inji har ƙarshe don ya gama da wuri, kuɗin ubangidansa yake ƙonawa.

Na huɗu, ƙasar da muke kai. Yammacin Kano bisa dutse take zaune. Ruwan ƙarƙashinta yana cikin ruɓaɓɓen dutsen da ke sama ne da cikin tsagogi, yana tsattsafowa a hankali. Saboda haka wajibi ne a gwada burtsatse a ga yawan ruwan da take bayarwa a awa kafin a zaɓi sumo. In aka zura mata wanda ya fi ƙarfinta, sai ya shanye ruwan ya ci gaba da juyi a bushe. Shi kuwa sumo ruwan da ke wucewa ta jikinsa shi ke sanyaya shi, da ya rasa ruwa sai kwayil ya ƙone. Akwai 'yar na'ura mai kashe shi in ruwa ya ja, kuɗinta kaɗan ne bisa kuɗin injin, amma sau da yawa ba a sa ta, domin mai kafawa bai san amfaninta ba, ko ya sani ya tsime.

Na biyar, kula ta yau da kullum. Masu ƙera ƙananan injinan fetur irin na Honda sun rubuta a canza baƙin mai bayan awa 20 na farko, sa'an nan kowace awa 100. Matatar iska tana toshewa da ƙurar hunturu, sai inji ya riƙa shan mai yana hayaƙi. Farantan sola su ma ƙura tana rage musu ƙarfi, sai an goge su, kuma a ƙasarmu kudu ya kamata su fuskanta da ɗan karkata, ba tare da inuwar bishiya ko ta tanki ta faɗa kansu ba.

Bari mu yi ɗan lissafi irin na kasuwa. A ce inji yana shan lita guda a awa, yana aiki awa 6 a rana, kwana 90 na rani. Lita 540 ke nan. In gyaran mesa da matata da gudu ya rage kashi ɗaya cikin biyar, an tsira da lita 108. Mai karatu ya buga wannan da kuɗin lita a garinsu, sa'an nan ya buga da yawan injinan da ke fadamarsu. Zai ga ilimin nan ya fi taki arha.

INA MASU SANIN SUKE?

Makarantu akwai su. Akwai Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa a Kaduna, wadda aka kafa a 1979, tana koyar da haƙar burtsatse da gyaran famfo. Akwai Asusun Horas da Ma'aikata, watau ITF, wanda aka kafa a 1971, hedkwatarsa a Jos, kamfanoni suna zuba masa kashi ɗaya cikin ɗari na albashin ma'aikatansu, yana kuma da wurin koyar da sana'a a Kano. Akwai hukumar NBTE ta 1977 mai kula da makarantun fasaha. Akwai kwalejojin sana'a na gwamnati a Kano da Wudil da Bagauda, da kwalejin aikin gona ta Audu Bako a Dambatta. Akwai kuma hukumar RUWASA mai kula da ruwan karkara.

Amma ga inda gizo ke saƙa. Wanda ya fito waɗannan makarantu da takarda, ofis yake nema ko masana'antun Sharada da Challawa da Bompai. Wanda ke gyaran inji a kasuwar ƙauye kuwa, a gindin bishiya ya koya wajen maigidansa, yana da hannu mai kyau, ya san fulogi da kafireto, amma ba a taɓa nuna masa ma'aunin matsin ruwa ko na wuta ba. Mai takarda ba ya zuwa fadama, mai zuwa fadama ba shi da karatun. Tsakanin waɗannan biyu injinanmu ke mutuwa.

Sauran ƙasashe sun gamu da wannan mas'ala sun nemi mafita. A Jamus yaro mai koyon sana'a yana kwana uku ko huɗu na mako a masana'anta, sauran a makaranta, har wajen shekara uku, sa'an nan a jarraba shi. Kamfanin Grundfos na ƙasar Denmak, wanda famfunansa suka zaga duniya, wani makaniki ne mai suna Poul Due Jensen ya fara shi a 1945 a ƙaramin gari, famfonsa na farko kuwa wani manomi ya yi wa. A ƙasar Hindu, garin Coimbatore ya zama matattarar masu ƙera famfo, daga ƙananan maƙeru aka faro. A nan Afirka, bayan an ga yadda famfunan ƙauye ke mutuwa, aka ƙera famfon Afridev a shekarun 1980 a Malawi da Kenya, aka tsara shi yadda mutanen ƙauye za su zaro sandunansa su canza robobinsa da sifana guda, ba sai an kira mota daga birni ba. Irinsa na nan da yawa a ƙasarmu. Robar da ke cikinsa ba ta kai kuɗin kaza ba, amma saboda ita famfo kan yi shekara a tsaye, don babu wanda aka nuna wa.

HUJJA GA MALAMAI

Malamanmu sun fi mu sanin cewa Imam Gazali, a cikin Ihya'u, ya lissafa sana'o'in da rayuwar jama'a ba ta tsayuwa sai da su cikin farillan kifaya, waɗanda in wasu suka ɗauka sun ɗauke wa saura, in kowa ya bari kowa ya yi laifi. Garin da ruwan shansa da na alwalarsa ya rataya ga inji, kuma babu mai iya gyaransa a cikinsa, ya kamata malaman garin su duba matsayinsa. Kuma wannan ilimi ba baƙo ba ne gare mu. Injiniya Aljazari, wanda ya gama littafinsa a 1206 a Diyarbakir, ya zana injin ɗaga ruwa mai bututun zuƙa tun Turawa ba su kai ga irinsa ba.

Har wa yau, a mazhabarmu ta Malikiyya akwai babin lamunin masu sana'a, yana nan cikin Risala, watau mai sana'ar da ya karɓi kayan mutane ya tafi da su shi ke da lamuninsu in sun salwanta. Hikimar wannan hukunci ita ce kare dukiyar jama'a daga sakaci. To, yaya za a ɗora wa mutum lamuni alhali ba a koya masa aikin ba? Koyarwa ita ce gaba, lamuni ya biyo baya.

Wani malami zai ce, in almajiri ya kama sifana zai saki allo. Amsa ita ce gardawa tun dā suna ɗinkin hula da yankan farce da dako, ba su bar karatu ba. Alhamis da Juma'a babu makaranta. Gardin da ya iya haddar izu sittin, sunayen sassan famfo goma sha biyar ba za su gagare shi ba. Kuma wanda ya iya gyaran burtsatsen masallaci ya fi ƙarfin bara har abada.

HUJJA GA ATTAJIRAI

Ɗan kasuwa zai ce, in inji ya daɗe bai lalace ba, wa zai sayi sabo? Wannan gajeren lissafi ne. Manomin da sumonsa ya ƙone cikin wata uku ba ya cewa laifin mai kafawa ne, cewa yake kayan Alhaji jabu ne, kuma a kasuwa zai faɗa. Wanda injinsa ya yi masa rani uku lafiya shi ke dawowa ya sayi na biyu, ya kawo ƙaninsa. Masu ba da inji bashi sai an girbe sun fi kowa sanin haka, gama mataccen inji ba ya biyan bashi.

Wani kuma zai ce, in na koyar da yaro gobe ya gudu ya buɗe nasa. To, ai haka kasuwancinmu yake tun zamanin fataucin goro. Yaro ya yi wa maigida hidima, a sallame shi da jari, ya zama abokin ciniki. Makanikin da ka koyar a Garo ko Getso ko Kabo, wajenka zai riƙa sayen sil da boris da farfela. Kowane inji da ya gyara talla ce ya yi maka.

Ga alhazai masu haƙa burtsatse sadaka kuwa, muna tunatarwa da ladabi. Sadaka mai gudana sai ruwan na gudana. Ana kashe miliyoyi a yi biki a ɗauki hoto, ba a ware ko sisi don gyara ba, ba a damƙa amanar ga kowa ba. Kayan kowa, ai na ba kowa ne.

SHAWARA

Muna ba da shawara biyar, kowace ana iya farawa da ita ba tare da jiran Abuja ba.

Ta ɗaya, duk mai haƙa burtsatse kada ya biya ɗan kwangila cikon kuɗinsa sai ya karɓi takarda mai nuna zurfin rijiyar, da inda ruwa ya tsaya, da yawan ruwan da take bayarwa a awa, da girman injin da aka zura. A ajiye takardar wajen liman ko dagaci.

Ta biyu, a ware wani kaso na kuɗin aikin tun farko don gyara da koyar da mutum biyu 'yan unguwar, kuma su tsaya a wurin ranar da ake kafawa, su gani da idonsu.

Ta uku, kowane famfo da kowane injin ƙungiya ya sami littafinsa. A rubuta ranar canza mai, da abin da ya lalace, da wanda ya gyara, da abin da aka biya. Da ajami ma ya wadatar, masu iya rubuta shi kuwa suna kowane zaure.

Ta huɗu, dillalan inji na Sabon Gari da Ƙofar Ruwa su haɗa kai da ƙungiyoyin manoman rani, su ɗauki nauyin bita ta 'yan kwanaki ga makanikan ƙauye kafin kowane rani, a bakin fadama, da Hausa, a kawo malami daga kwalejin sana'a. Su nemi kamfanonin da suke sayar wa kaya su taimaka da ma'aunai da takardun bayani.

Ta biyar, ƙananan hukumomin Kabo da Gwarzo, da hakimai da dagatai, su rubuta sunayen makanikan da aka jarraba aka yarda da su, kowane da ƙauyukan da zai riƙa zagawa, yadda mai unguwa zai san wanda zai kira da abin da zai biya.

Ya ku jama'a, waɗanda suka gabace mu sun datse koguna sun bar mana ruwa. Waɗanda suka biyo su sun kawo injuna. Abin da ya rage a wuyanmu shi ne mu samar da yaran da suka san abin da ke cikin ƙarfen, yadda in famfon Garo ya tsaya da hantsi, kafin la'asar ɗan Garo ya tashe shi. Malam yana da ɗalibai, Alhaji yana da jari, dagaci yana da faɗa a ji. In ukun nan suka zauna a zaure guda kafin ranin bana, an fara. Allah Ya ba mu ikon riƙe amana, Ya sa albarka a ruwanmu da sana'armu. Haza wassalam.